Gidajen Silimar Kano da Tarihin da Muke Sakaci da Shi



A Amurka, tun 1933 aka buɗe filin kallon fim inda mutum zai shiga da motarsa, ya yi kallo yana zaune a cikinta. Mu a Kano ba mu jira mota ba. Yawancin gidajen silimarmu na da ba su da rufi: katanga ce, da benci, da ƙaton allo, sai sararin samaniya. Shi ya sa sai duhu ya yi ake kunna majigi, in kuwa hadari ya taso da damina, kowa ya yi ta kansa.

Rex ce ta fara, a 1937, kuma Kwarori ne suka riƙe harkar shekaru da yawa. Daga baya aka samu Palace a Jakara, da Plaza, da Orion a Ƙofar Wambai, da Eldorado, da Wapa, da Marhaba. Ana nuna kaboyi, ana nuna Canis, amma Indiya ce ta ci kasuwa. Matasan da ba su jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci sun haddace waƙoƙin Mother India da Sholay, sun raɗa wa jarumai sunayen Hausa. A wurinsu Dharmendra Sarkin Ƙarfi ne. In jarumi ya kai wa mugu naushi, ihun da za a yi sai an jiyo shi daga bayan katanga.

Gaskiya ne, mutanen gari ba su taɓa sakin jiki da silima ba. Iyaye suna ganinta matattarar 'yan iska, malamai suna wa'azi a kanta. Gobarar silimar El Duniya a 1951, wadda ta ci rayuka sama da 300, ta ƙara wa mutane tsoro. Wannan ma tarihi ne, bai kamata a ɓoye shi ba.

Amma a kan bencinan nan aka raini waɗanda suka kafa sana'ar fim ɗin Hausa. Rawa da waƙar da ake ta muhawara a kansu a Kannywood, daga can aka ɗebo su. Da kaset ya shigo, aka fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, kallo ya koma cikin gida, gidajen silima suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Palace ta zama asibiti.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu kunna majigi, da masu yankan tikiti, da masu yawo da fasta a gari, yau tsofaffi ne, kullum raguwa suke yi. Sassan tarihi da na aikin jarida a jami'o'inmu, da gidajen rediyo, ku tura matasa su je su naɗi muryoyinsu, su tattara hotuna da tsofaffin fastoci. Kai kuma mai sauraro, in mahaifinka ya taɓa bin layin tikiti a Plaza ko Orion, zauna da shi yau ka tambaye shi.