Hannun ƙarfe da kan da ke sarrafa shi

Kowace shekara, da zarar sakamakon bakaloreya ya fito, akan ga iyaye da ƴaƴansu daga Yamai har Damagaram sun shiga shawarar fannin da za a bi a jami'a. Mafi yawa likitanci ko shari'a ko aikin ofis suke hange. Amma a ƴan shekarun nan an fara jin wasu samari da ƴan mata na cewa su ilimin mutum-mutumi suke so, wato abin da Nasara ke kira robo. Kafin uba ya sayar da bijiminsa domin wannan karatu, ya kamata a san ko mene ne shi, da kuma inda yake kai mai shi.

Abu na farko, yawancin robo ba su da kamannin mutum ko kaɗan. Wanda aka fara sa wa aiki a masana'anta hannu ne guda na ƙarfe mai suna Unimate, wanda George Devol ya ƙago, shi da Joseph Engelberger suka kafa kamfanin ƙera shi. A shekara ta 1961 aka girka shi a wata masana'antar General Motors da ke jihar New Jersey ta Amurka, aikinsa shi ne ɗauko ƙarafa masu zafi daga injin zubi, aikin da ke ƙona ma'aikata. Har yau irin wannan hannu shi ya fi yawa: yana walda, yana fenti, yana ɗaukar kaya. Ƙungiyar duniya mai lissafin robo, IFR, ta ce a shekara ta 2023 akwai fiye da miliyan 4 suna aiki a masana'antu, kuma fiye da rabin sabbin da aka girka a wannan shekara a ƙasar Sin aka girka su.

To, me ɗalibi ke koyo? Irin wannan hannu yakan kasance da gaɓoɓi 6, domin ana bukatar 3 a kai shi wurin da ake so, wasu 3 kuma a juya shi ta fuskar da ake so. Sanin yadda kowace gaɓa za ta karkata har ƙarshen hannun ya sauka daidai a kan ƙusa, wannan lissafi ne tsantsa. Sannan akwai kanikanci, domin a san nauyin da ƙarfe zai iya ɗauka; akwai lantarki, domin moto da na'urorin awo; akwai rubuta umarnin kwamfuta. Abin da ke ɗaure su duka shi ne ilimin sarrafawa: na'urar awo ta faɗi inda hannun yake, kwamfuta ta gwada da inda ya kamata ya kasance, moto ya gyara kuskuren, a sake haka sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda. Duk ɗalibin da ke gudun lissafi da fizik tun a lise, to ya sani a can ma su zai tarar suna jiransa.

Akwai kuma fannin da ba a cika ambato ba, alhali kuwa shi ne uwa: injiniyancin ƙere-ƙere. Shi ne ke koyar da yadda ake zuba ƙarfe da yanka shi da haɗa shi, da yadda ake jera injuna a masana'anta, da yadda ake auna kaya domin na dubu ya fito daidai da na farko, da lissafin abin da kowane guda zai ci na kuɗi. Robo bawa ne a cikin wannan tsari. In tsarin ya karkace, abin da zai yi kawai shi ne ya ƙara saurin fitar da kaya marasa kyau.

Labarin Japan ya isa misali. Ba su ne suka ƙago robo ba. A shekara ta 1968 kamfanin Kawasaki ya sayi izinin ƙera Unimate daga Amurkawa, ya fitar da nasa na farko a 1969. Amma kafin nan sun riga sun share fage: tun 1962 suka buɗe makarantun fasaha da suke kira kosen, masu ɗaukar yaro yana ɗan shekara 15, su riƙe shi shekara 5 tsakanin aji da ɗakin aikin hannu. A jami'ar Waseda kuma, shehun malami Ichiro Kato da ɗalibansa suka kammala WABOT-1 a 1973, mutum-mutumi mai tafiya da ƙafa biyu yana kama abu da hannu. Cikin shekarun 1980 Japan ta riga ta wuce Amurka a yawan robo, kuma kamfanoninta irin su Fanuc da Yaskawa na cikin manyan masu ƙera su har yanzu. Sun sayi injin, amma masu kwance shi da sake ƙera shi a gida aka rene su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wani zai ce: ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, kuma samarinta na yawon neman aiki, me za ta yi da injin da ke karɓe aikin mutum? Tambayar tana da tushe. Robo yakan yawaita ne inda ladan ma'aikaci ke da tsada, wutar lantarki kuma ba ta yankewa, kamar Koriya ta Kudu, inda akwai fiye da 1,000 ga kowane ma'aikaci 10,000 na masana'antu. Nijar ba ta kai nan ba, kuma yaudara ce a ce wa ɗalibi masana'antar motoci na jiransa a Maraɗi. Amma ilimin da ke motsa hannun robo shi ne dai ke tafiyar da matatar mai ta Damagaram da ta fara aiki a 2011, da masana'antar siminti ta Malbaza, da famfunan ban-ruwa masu aiki da hasken rana. Ƙasar da ke fitar da albasar Galmi da wake da fata ɗanyu, tana kuma sayo kowane inji daga waje, in ya lalace a zauna jiran mai gyara daga wata ƙasa, ita ce ta fi kowa bukatar wannan ilimi. Kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka ga shawara ga mai bakaloreya C ko D ko E, ko ta fasaha. Kada sunan robo ya ruɗe shi. Ya fara da tushe mai faɗi, wato lantarki da kanikanci, domin mai wannan ba ya rasa aiki ko da bai taɓa ganin robo ba. Hanyar tana nan gida: akwai lisen fasaha na Ɗan Kasawa a Maraɗi, akwai makarantar EMIG a Yamai mai horar da injiniyoyi, akwai sassan fasaha na jami'o'in jihohi. Lisansi shekara 3 ne, masta ƙarin 2, kuma a matakin masta ne ya dace a ƙware kan robo, a gida ko a waje. Kafin ya rubuta sunansa a kowace makaranta, ya tambaya: akwai ɗakin aikin hannu mai injuna masu aiki? Ana tura ɗalibai koyon aiki a masana'anta? Ya kuma dage da Ingilishi, domin yawancin littattafan fannin da takardun bayanin injuna da shi aka rubuta su.

Su kuma mahukunta, nauyin da ke kansu a fili yake. Ba a koyon walda a kan allo. Makarantar fasaha da babu injuna, babu wuta, babu malamin da ya taɓa aiki a masana'anta, takarda kawai take rabawa. Maƙeran kasuwannin Maraɗi da Tawa, masu ƙera garma da amalanke da injin ɓarzar hatsi da ido da guduma, suna da hannu amma ba a ba su lissafi ba. Ɗaliban jami'a kuwa suna da lissafi, hannun ne ya yi ƙaranci. Ranar da aka haɗa su a ɗaki guda, ranar ce ƙasar nan za ta fara ƙera abin da take saye.