Maganin feshi ba ya tsayawa a gona

1/ Jama'a, akwai maganar da ta ishe ni: "Ai a gona aka yi feshin, ina ruwan mutanen gari?" Wallahi da ruwansu. Wani kaso na maganin iska ke kwashewa tun bai taɓa ganye ba, wani kuma ya sauka, rana ta yi zafi ya sake tashi. Ku biyo ni. 🧵

2/ In maganin ƙwari ya shiga iska, gida biyu yake rabuwa. Wani ya zama tururi da ido ba ya gani, kamar fetur in an bar jarka a buɗe. Wani ya manne a jikin ƙwayoyin ƙura, duk inda ƙurar ta je da shi za ta je.

3/ Abu uku ke raba wannan gadon: halin sinadarin, zafin gari, da yawan ƙurar da ke iska. Zafi na tura magani ya zama tururi. Sanyi da ƙura na sa shi mannewa. Toh mu zafin muna da shi, ƙurar ma muna da ita.

4/ Ɗauko kwalba ka duba jikinta. In ka ga DDVP, wanda ke cikin Sniper da fiya-fiya, wannan kusan duk tururi yake komawa. Chlorpyrifos ma ya fi zama tururi. Su cypermethrin da maganin ciyawa glyphosate kuwa sun fi bin ƙura.

5/ Yanzu ku duba lokacin noman rani a Kura da Kadawa. Yana haɗuwa da hunturu, lokacin da iska ke kwaso hazo daga yankin Bodele a Chadi. Ga tumatir ana ta yi masa feshi, ballantana tun da sharon ta cinye gonaki a 2016. Da asuba sanyi da ƙura, da rana zafi. Kowane irin magani ya samu hanyar fita.

6/ Masu cewa "in ba ka ji wari ba shi kenan", hancinka fa ba na'ura ba ne. Wanda ke manne da ƙura ba lallai ka ji warinsa ba. Kuma ƙura mafi ƙanƙanta ita ke wucewa har can cikin huhu. Sauran ta sauka kan randa, kan shanya, kan garin da aka baza a tsakar gida.

7/ Sai masu ɗaure hanci da hankici su ce sun kare kansu. Haba! Ko takunkumin N95 ƙura kawai yake tarewa, tururi wucewa yake abinsa. Mai tare tururi sai wanda ke da matatar gawayi. Yaron da aka ba ladan feshi ya goya famfo tun safe, wa ya taɓa faɗa masa haka?

8/ Kar ku ɗauka tafiyar ta tsaya a ƙauyen gaba. An samu DDT da endosulfan a yankin ƙanƙara na ƙarshen arewacin duniya, inda ba a taɓa noma da su ba. Yana daga cikin dalilan da suka sa aka saka endosulfan a yarjejeniyar Stockholm a 2011. In ya kai can, makarantar firamare da ke bayan gona fa?

9/ Abin da ya fi ba ni haushi: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda DDVP ya yi yawa a ciki, nan take aka hau taruka. Saboda kuɗi ne. A nuna min na'urar da ke auna maganin da ke iskar garuruwan noman rani. Huhun talaka bai kai buhun wake daraja ba?

10/ Na san za a ce "to a bar ƙwari su cinye amfanin?" A'a. Manomi bashi ya ci, dole ya kare gonarsa. Amma feshi da tsakar rana asara biyu ce: kuɗinka ya bi iska, maƙwabcinka ya shaƙa.

11/ Abin da ba ya cin ko sisi: a yi feshi da safe ko da yamma in gari ya yi sanyi. A fasa in iska na kaɗawa da ƙarfi ko ta nufi gidaje. A bi awon da aka rubuta, a daina "ƙara murfi ɗaya don ya ji". A hana yara da masu ciki shiga gonar ranar. DDVP kuma a raba shi da ɗakin kwana da buhun abinci.

12/ Masu shagon magani da malaman gona, ku ne manomi ke tambaya. Ku faɗa masa wanne ke tashi, wanne ke bin ƙura, kafin ku karɓi kuɗinsa. Ku kuma da ke karanta wannan, kowa yana da ɗan'uwa mai feshi. Ku kira shi yau, ko ku yi masa saƙon murya tunda ba ya nan.