Mai Takobi Shi Ke da Ƙamus

'Yan'uwa ɗalibai, mu dubi rabon son kai da Romawa suka yi da kalmomin Latin. Ferox dangin ferus ne, wato dabbar daji, amma sukan yabi sojansu da shi, su ce jarumi. Crudelis kuwa, daga crudus, ɗanye mai jini, zagi ne tsantsa. Wannan hali marubucinsu Livy ya jingina wa Hannibal na Kartaj. To, su wa suka ƙone Kartaj a shekara ta 146 kafin Miladiyya, suka sayar da mutanenta? Su wa suka gicciye bayi 6,000, mabiya Spartacus? Ba za mu haddace ƙamusun mai nasara ido rufe ba. Duk littafin da ya kira wani azzalumi, mu tambaya: wa ya riƙe alƙalamin?