Digirin jinya na shekara biyu a Amurka: ƙofa ce mai kyau, amma a duba kafin a shiga

Daga cikin tambayoyin da 'yan'uwanmu mazauna Amurka suka fi aiko mini akwai wannan: shin karatun jinya na shekara biyu a kwalejin al'umma ya isa, ko dole sai an yi digirin jami'a na shekara huɗu? Ra'ayina shi ne ya isa a fara da shi, kuma ga mai iyali da ƙarancin kuɗi shi ne ya fi dacewa.

Hujjata ita ce jarrabawar lasisi. Wanda ya gama kwalejin al'umma da wanda ya gama jami'a duk jarrabawa ɗaya suke zaunawa, wato NCLEX-RN, kuma lasisi iri ɗaya suke karɓa, alhali kuɗin kwalejin bai kama ƙafar na jami'a ba. Tsarin ya daɗe: tun farkon shekarun 1950 Mildred Montag ta kawo shawararsa, lokacin da ƙarancin ma'aikatan jinya ya addabi ƙasar bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Sai dai kada sunan ya ruɗe ku. Kafin a ɗauke ku sai kun ci darussan share fage, irin su ilimin sassan jiki da na ƙananan ƙwayoyin cuta, ga kuma jerin masu jiran gurbi. Shekara biyun takan zama uku.

Masu sukar wannan hanya suna da abin faɗa. Binciken Linda Aiken da abokan aikinta na 2003 a asibitocin Pennsylvania ya nuna cewa duk ƙarin kashi 10 cikin 100 na nas masu cikakken digiri yana tafiya da raguwar kusan kashi 5 cikin 100 na mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata. Jihar New York ma ta kafa doka a 2017 da ta wajabta wa sababbin nas kammala cikakken digiri cikin shekara 10 da samun lasisi. Saboda haka ku shiga da niyyar ƙarasawa. Asibitoci da yawa suna taimaka wa ma'aikatansu da kuɗin wannan ƙarin karatu.

Inda ni, mai aikin magunguna a asibiti, na fi damuwa shi ne lissafin magani. Likita ya rubuta, mu mu haɗa, amma hannun nas ne na ƙarshe kafin maganin ya shiga jikin majinyaci. Tsakanin miligram da maikrogram ninki dubu ne. Harafin U da ake taƙaita ma'aunin insulin da shi, idan aka rubuta da gaggawa, yakan yi kama da sifili, sai 4 ta koma 40. Shi ya sa aka hana rubuta shi. Gajeren kwas yana cusa ilimin magunguna cikin ɗan lokaci, kuma ɗalibin da ya haddace don cin jarrabawa kawai zai gane kurensa ranar da aka bar shi shi kaɗai da injin ƙarin ruwa da tsakar dare.

Sannan a tantance makarantar kanta. A Janairun 2023 hukumomin tarayya suka bankaɗo sayar da takardun jinya na bogi sama da 7,600 daga wasu makarantu uku a Florida. Kafin ku biya ko sisi, ku tabbatar hukumar jinya ta jiharku ta amince da kwas ɗin, ku duba ko yana da tantancewar ACEN, domin jami'o'i da dama suna neman irin wannan shaida kafin su karɓe ku don ƙarasa digiri. Ku nemi kuma adadin ɗalibanta da suka ci NCLEX a zaman farko. Hukumomin jihohi suna wallafa shi.