Harshe Ɗaya Kafin Harshe Biyu

Duk wanda ya tsaya kusa da 'yan badujala ranar fareti ya san inda kiɗa yake fara dagulewa. Da zarar an iso wurin da sautuka ke bin juna da sauri, sai ka ji sashen masu busa turombon ya zama kamar kunu, ba a rarrabe wannan sauti da wancan. Abin da ya dame mu shi ne maganin da manyan mabusa ke ba ƙannensu: wai su bar bugun harshe ɗaya, wato "ta-ta-ta", su koma bugu biyu, "ta-ka-ta-ka". A ganinmu wannan gaggawa ce, kuma ita ke lalata samari da yawa tun ba su yi nisa ba.

Bari mu yi lissafi. Sojan da ke maci yana yin taku kamar 120 a minti. In aka raba kowane taku gida huɗu, sautuka 8 ke nan a daƙiƙa ɗaya. A wajajen nan ne harshe ɗaya yake kai iyakarsa ga yawancin mabusa, daga nan bugu biyu ya zama dole. Amma ɗalibin da ke sarƙewa tun a taku 80 bai zo kusa da wannan iyaka ba. Bai yi aikin ba ne kawai.

Turombon kuwa ya fi sauran kayan busa bukatar harshe. Ba shi da maɓallan da ake dannawa, sai bututu da ake ja ana turawa a kan matsayi bakwai. In hannu ya motsa harshe bai yanke sautin ba, sai a ji ya zame kamar kukan jiniya. Saboda haka sau da yawa laifin da ake ɗora wa harshe na hannu ne, wanda ya iso a makare.

Sauran laifin na iska ne. Mai koyo yakan ɗauka harshe ke haifar da sauti, sai ya riƙa sara da ƙarfi, haɓa na motsi, maƙogwaro a shaƙe. Alhali iska ce ya kamata ta yi ta gudana ba tsayawa, kan harshe yana taɓa bayan haƙoran sama yana saki, ba tare da ya yi doguwar tafiya ba. Mu Hausawa ma muna da wata fa'ida a nan, domin kunnenmu ya san bambancin "da" da "ɗa". Mai busa "da" yake so, mai laushi. "Ɗa" tana matse maƙogwaro, a guje ta.

Ba mu ne muka ƙago wannan ra'ayi ba. Littafin Arban, wanda ya fito a Faransa a 1864 kuma har yau masu turombon ke aiki da shi, sai can gaba ya kawo darussan bugu biyu da uku. Emory Remington, wanda ya koyar a makarantar Eastman ta Amurka daga 1922 har rasuwarsa a 1971, ya sa maimaita sauti ɗaya da harshe cikin aikin kullum na ɗalibansa.

Abin da muke roƙon shugabannin badujalar makarantunmu kaɗan ne. A ware minti 10 a farkon kowane gwaji. A kunna na'urar ƙidayar bugu, wadda yanzu kyauta ake samunta a waya, a fara daga inda kowa ke iya busawa tsaf, a kan sauti ɗaya tak. In ya zauna, a ƙara bugu 4, kada a wuce haka. Sai bayan nan a haɗa da motsin hannu. In harshe ya gaji a huta, don tsoka ce, kuma gajiyayye sara yake yi.

Mun san za a ce bikin yaye ɗalibai ya matso, babu lokacin wannan. To, a zaɓi waƙar da yaran za su iya a bana, a ajiye mai wuyar sai baɗi.