NAZARI: Abin da tauraron ɗan'adam zai iya gani a dazukan Najeriya, da abin da ba zai iya ba

Duk lokacin da 'yan bindiga suka kora ɗalibai ko matafiya cikin daji, tambaya ɗaya ce ke yawo a bakin jama'a: ina taurarin ɗan'adam ɗin da Najeriya ta harba? An yi ta a 2014 bayan sace 'yan mata 276 a Chibok, an kuma sake yin ta a 2024 bayan harin makarantar Kuriga a Jihar Kaduna. Amsarta na buƙatar a san irin na'urorin da ƙasar ta mallaka da iyakar ƙarfinsu.

An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, a 1999. Tauraronta na farko, NigeriaSat-1, ya tashi daga Rasha a 2003, kuma wani kamfani a Surrey ta Ingila ne ya ƙera shi. A watan Agustan 2011 aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Najeriya suka haɗa bayan horon da suka samu a can. An tsara NigeriaSat-2 ya yi aikin shekara bakwai, wa'adin da ya cika tun 2018. Shi kuwa NigComSat-1R, wanda ake yawan ambata a muhawara, na sadarwa ne, ba ya ɗaukar hoton ƙasa.

A hoton NigeriaSat-2 mafi kyau, kowane ɗigo guda yana wakiltar faɗin mita 2.5 a ƙasa. Babur bai kai wannan tsawon ba, balle mutumin da ke kansa. Saboda haka tauraron zai iya nuna ƙauyen da aka ƙona, ko sabon filin da aka share a tsakiyar daji, ko hanyar da motoci suka tattake, amma ba zai bi sawun ayarin babura daga Kuriga zuwa dajin Kuyambana ba. Irin waɗannan taurari suna kewaya duniya a nisan kusan kilomita 700, suna wuce saman wuri ɗaya cikin 'yan mintoci, sannan a jira kwanaki kafin su dawo. Gajimaren damina da hazon hunturu da duhun dare da inuwar itatuwa duk suna rufe musu ido. Tauraro mai aiki da rada ne ke ratsa gajimare da duhu, domin shi ke aika igiyoyinsa ƙasa ya karanta yadda suka dawo.

Duk da haka amfaninsu ga tsaro yana da yawa, musamman idan aka kwatanta hotunan wuri ɗaya na watanni daban-daban. Ta haka ake gano ramukan haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba a Zamfara, da gonakin da manoma suka gudu suka bari, da haramtattun matatun ɗanyen mai a yankin Neja Delta. Aiki ne na haƙuri da ke buƙatar ƙwararrun masu karanta hoto da hanyar isar da sakamako ga kwamandan da ke fagen daga kafin bayanin ya tsufa. Dokar 2016 ta samar da hukumar sararin samaniya ta rundunar tsaro domin wannan aiki, amma kafa hukuma bai tabbatar da cewa soja da 'yan sanda da jami'an farin kaya suna musayar abin da suka gani ba.

Akwai kuma batun ikon mallaka. Ƙasar da ke sayen hoto daga kamfanonin waje tana gani ne da idon aro. Yukiren ta dogara ƙwarai da hotunan kamfanin Maxar tun farkon yaƙinta da Rasha a 2022, sai ga shi a watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da ba ta su na ɗan lokaci sakamakon saɓanin siyasa. Maƙwabtan Najeriya sun nemi tasu mafitar: a watan Satumban 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ƙulla yarjejeniya da Rasha kan taurarin sadarwa da na sa ido kan iyakoki. Sai dai wanda ya ƙera na'urar, ya harba ta, yake kuma gyara ta, yana da ta cewa a kanta, ko daga Mosko yake ko daga Washington.

Hoton sama bai san gwamnati ba, bai san ɗan tawaye ba. A 2015 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da hotunan da suka nuna gine-gine fiye da 3,700 da Boko Haram ta lalata a Baga da Doron Baga. Shekara biyu kafin nan, Human Rights Watch ta yi amfani da irin wannan hoto ta ƙirga gine-gine 2,275 da aka ƙona a garin Baga bayan wani samamen sojoji, zargin da rundunar ta musanta. Gwamnatin da ke son idon da zai gano maɓoyar 'yan bindiga dole ta amince cewa idon zai ga kurakuranta ita ma.

Harin Tudun Biri na Disamban 2023 ya nuna haɗarin yanke hukunci daga sama kaɗai. Jirgi marar matuƙi ne ya kai shi, ba tauraro ba, amma darasin ɗaya ne: an hango taron mutane da dare, aka ɗauke su 'yan bindiga, alhali masu Mauludi ne, kuma aƙalla mutum 85 suka rasa rayukansu. Mai unguwa ɗaya da ke da lambar wayar kwamanda zai iya faɗin abin da hoto ba zai faɗa ba.

Don haka idan aka kawo kasafin sababbin taurari gaban Majalisar Tarayya, akwai tambayoyin da ya kamata 'yan majalisa da masu zaɓe su yi. Akwai mai rada a cikinsu? Sa'o'i nawa hoto zai ɗauka daga tashar karɓa a Abuja zuwa sansanin soja a Birnin Gwari? Wa zai tantance shi da bayanan mutanen ƙauye kafin a harba makami? Wace doka ce za ta hana a juya shi kan masu zanga-zanga da 'yan adawa? Amsoshin waɗannan tambayoyi ne za su nuna ko kuɗin zai rage yawan mutanen da ake korawa cikin daji.