Sanɗa ko Hayaniya: Gardamar Samari da Mutumin da Aka Manta

Duk wanda ya zauna a fadar samari a Madawa, ko Buza, ko Keita, bayan sallar isha'i, zai ga shayi yana tafasa, kawuna kuwa sun haɗu bisa salula. Wasan harbi ake yi. Wanda ya fi sauƙin samu shi ne Free Fire, da ya fito a 2017, inda ake sauke mutum 50 a tsibiri guda, wanda ya rage da rai shi ke da nasara. Manyan wasanni irin su Far Cry na kamfanin Ubisoft na Faransa sai da kwamfuta ko PlayStation, amma wanda bai da su yana kallon yadda ake buga su a intanet.

Gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin ƴan wasa ita ce: wane ne gwani, mai sanɗa ko mai hayaniya? A Far Cry 3, na 2012, ana ba ɗan wasa daji mai faɗi da sansanonin abokan gaba. In ya so, ya hau tudu ya ƙidaya masu gadi, ya lallaɓa ya kashe ƙararrawar neman gudummawa, ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya da kwari da baka. In kuma ya so, ya faɗa da gurneti da ruwan harsashi. Masu wasan sun nuna inda zuciyarsu take, gama wanda ya ci sansani ba a gan shi ba ya fi samun maki.

Dattawan Adar da Gobir ba za su ji wannan gardama baƙuwa ba. Sun san maharbi mai burtu, wanda ke ɗaura kan tsuntsun nan a goshi, ya rufa da baƙin zane, ya duƙa yana kwaikwayon tafiyarsa da kiwonsa har ya kusanci barewa ba ta farga ba. Sun kuma san farautar gayya ta rani, da ganguna da karnuka da kere, wani lokaci har da cinna wa daji wuta. Kowace da kirarinta. Sai dai mutanen kwarin Majiya, da suka soma dasa layukan dogon yaro a 1975 don tare iska, da na Keita da suka yi ta ɗaukar duwatsu a aikin raya ƙasa tun 1984, sun san tsadar itace guda; ba su ne za su yaba wa mai cinna wuta ba. In dai zaɓi ne tsakanin biyun, sanɗa ta fi, domin ita ce ke koya wa yaro haƙuri da lura da lissafi.

Amma abin da ya kamata ya dami iyaye da malamai da hukumomi yana wani wuri dabam, wato yadda ake gina mugun da ke cikin labarin.

Masu tsara waɗannan wasanni sun ƙware wajen ba azzalumi tarihi. A Far Cry 4, na 2014, sarki Pagan Min yana mulkin wata ƙasa ta ƙirƙira a duwatsun Himalaya da kisa da azaba, sai can ɗan wasa ya gano cewa mahaifin jarumin da yake juyawa ne ya kashe wa sarkin jaririyar ɗiyarsa. Har ma an shirya cewa duk wanda ya zauna a teburin sarkin tun farko, ya jira shi kamar rubu'in sa'a yadda ya roƙa, wasan zai ƙare ba a yi yaƙin ba. Wannan dabara ce mai kyau, kuma ba laifi a san abin da ya mai da mutum mugu. Laifin shi ne azzalumi kaɗai ake ba baki. Shi ke da suna, da murya, da tufafi masu kyau, da kalamai da samari ke haddacewa; waɗanda ya kashe kuwa ba su da ko suna.

Far Cry 2, na 2008, shi ne ya fi kusa da gida, gama a wata ƙasar Afirka da ba a faɗi sunanta ba aka ajiye shi. Akwai zazzaɓin cizon sauro da ke kama ɗan wasa, akwai bindigogi masu tsatsa da ke cijewa, akwai wuta da iska ke korawa cikin busasshiyar ciyawa, akwai ɗan fataucin makamai da ake ce wa Dila, mai sayar wa ɓangarori biyu da ke yaƙar juna. Sai ɗan wasa ya yi ta yawo a dajin nan bai gamu da manomi a gonarsa ba, ko mace a bakin rijiya. Talakawa suna ɓoye a wasu ɗakuna, ana zuwa wurinsu ne kawai a kai musu takardun tafiya a karɓi magani.

A gundumar Madawa kuwa talakan nan yana da fuska. A watan Nuwamba na 2021, bisa ƙidayar hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mutum fiye da 11,500 suka tsallako daga jihar Sakkwato, suna gudun ƴan bindiga, akasarinsu mata da yara, aka sauke su a ƙauyuka 26 na ƙaramar hukumar Bangi. Su ma shugabannin ƴan bindigar nan suna da nasu tarihin da suke bayarwa: an sace musu shanu, ƴan sa kai sun kashe musu dangi. Muryoyinsu suna yawo daga salula zuwa salula. A 2022 hukumar kula da gidajen rediyo da talbijin ta Najeriya ta ci wasu tashoshi tarar naira miliyan 5 kowace saboda nuna fina-finan da aka yi hira da irin waɗannan mutane. Tara ba ta hana sauraro ba, kuma mai mulki yana da bukatar sanin mafarin rikici. Amma yaron da ya saba tun a wasa cewa mugu ne mai labari mai daɗi, da wane kunne zai saurari wannan murya?

Hana wasan ba zai yiwu ba. Salula tana cikin aljihu. Abin da zai yiwu shi ne a ba ɗaya ɓangaren baki. Waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci a Bangi da kewaye suna da alƙalami da Hausa a hannu. Za su iya zama da baƙin da suka sauka a gidajensu, da yardarsu, su rubuta daga wane gari aka fito, kwana nawa aka yi a hanya, me aka bari a rumbu. Gidajen rediyon karkara su karanta shi da dare, lokacin da fada ta cika. Malamin lakwal kuma, in ya ji almajiransa suna yabon wanda ya ci sansani ba a gan shi ba, ya tambaye su gonar wa aka gina sansanin a kanta, ina kuma mai gonar ya kwana.